Maigida da Mai Gida

Shekara shida ina jin uwargida tana tura yaro ya gaya wa masu sallama, "Maigidan ba ya nan," ko "Maigidan yana barci," har kalmar ta shige ni. In an daɗe ana kiran mutum da suna, sai ya ɗauka na yanka ne. Na manta cewa akwai maigida, akwai kuma mai gida, kuma ɗan filin da ke tsakanin kalmomin nan ya fi filin Idi faɗi. Na farko shi ne mai cefane da faɗa a kan an bar fitila a kunne. Na biyu shi ne mai takarda. Ni malamin makaranta ne, Hausa ma nake koyarwa, kullum ina zabga jan biro a littafin yaran da suka haɗe abin da ya kamata a raba, amma wannan ƙa'idar rubutu sai da dillali ya koya mini ita.

Gidan yana Rijiyar Zaki, can ciki in an saki titi. Ɗaki uku da falo, da tsakar gida mai ɗan faɗi, da rijiya. Na tare a watan Fabrairun 2017. Alhajin da ya mallake shi ɗan kasuwa ne, ba ya leƙowa, ba ya aike, sai shekara ta zagayo na kai masa kuɗinsa rumfa, ya sa mini albarka, ya tambayi lafiyar yara. Wannan shirun nasa ne ya ɓata ni. Na yi wa gidan fenti sau biyu. Na shimfiɗa tayil a falo da kuɗin adashen uwargida, da sunan rance. Na sa aka yashe rijiya, na zura mata sumo, na ɗora tanki a sama, muka yi ban kwana da 'yan ga-ruwa. Na dasa gwaiba da zogale. Duk wannan ban taɓa neman Alhaji ya rubuta mini ko layi ɗaya ba cewa za a cire a kuɗin haya.

Ranar da masu tayil suka gama, uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, zanen aro fa ba ya rufe katara."

Na ce mata Alhaji mutumin kirki ne, kuma ko sayarwa zai yi, ni zai fara tuntuɓa. Ba ta tambaye ni da wane kuɗin zan saya ba. Mace ce mai rufa asiri.

Hayar ƙarshe da na biya ta faɗo a farkon Fabrairun 2023, tsakiyar wahalar canjin kuɗi, lokacin da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffi suna shirin mutuwa, sababbi kuma ba a ganinsu. Naira dubu 450. Alhaji ya ce shi ba ya son taransifa, kuɗin da bai taɓa da hannunsa ba ba kuɗi ba ne. Kwana tara na yi ina bin layin banki da masu POS, ina sayen kuɗina da kuɗina, kafin na haɗa. Ya ƙirga, ya yago takarda daga littafin bashi ya rubuta mini rasit. Na fito ina jin na sayi kwanciyar hankali har ƙarshen Janairun 2024.

Bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki, ƙarshen Afrilu ke nan, wata Asabar da hantsi aka yi sallama. Na fito da rigar shan iska, na tarar da wani dogon mutum mai hula a karkace da waya biyu a hannu, bayansa mutum uku. Ɗaya yana ƙwanƙwasa katangata da ɗan yatsa kamar mai zaɓen kankana. Ɗaya yana auna faɗin ƙofar gida da taku.

"Ranka ya daɗe, kai ne ɗan hayar?"

Na ce ni ne maigidan.

Ya yi murmushi irin na wanda ya saba jin haka. "To madalla. Mai gidan ne ya turo mu. Gidan yana kasuwa. A ce wa iyali su ɗan kimtsa za mu shiga."

Daga ranar muka zama gidan kallo. Asabar da Lahadi, wani lokaci har bayan la'asar ta ranar aiki, sai ka ji "Gafara dai, masu gida!" Uwargida ta figi hijabi ta tattara yara ɗaki guda, baƙi su shiga su leƙa kicin, su buɗe banɗaki, su ɗaga labulen ɗakin barcina. Wani ya taɓa tsayawa a kan shimfiɗar sallata yana gaya wa abokinsa nan zai fasa ya fitar da shago. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda dillalin yake tallar gumina. "Kun ga tayil, sabo ne. Ruwa kuwa ba a magana, ga sumo ga tanki. Ga itatuwa, inuwa kyauta." Ina tsaye a gefe kamar mai gadi, ana cinikin adashen matata.

A nan ne dabara ta zo mini, irin wadda takan zo wa mutum in Shaiɗan ba shi da aiki a wani wuri. Na ce tunda ba zan iya hana sayarwa ba, bari in hana saye. Duk wanda ya zo, in dillali ya juya baya yana amsa ɗaya daga cikin wayoyinsa, sai in ja shi gefe in ba shi shawara tsakani da Allah. Na fara da gaskiya: sokawe yana cika da damina, bangon gabas yana tsattsafo. Wani mai saye ya yi mini godiya sosai, ya ce yanzu ya samu abin da zai rage farashi da shi. Na ga gaskiya ba ta korar mutane, sai na ƙara gishiri. Akwai wata gafiya da ta daɗe tana sukuwa a silin ɗinmu da tsakar dare, mun saba da ita har yara sun sa mata suna. Ban yi ƙarya kai tsaye ba, ni malami ne. Sai dai in ɗaga kai in kalli silin, in sauke murya, in ce, "Alhaji, ni dai ba na son in ce komai. Amma in za ka saya, ka riƙe azkar." Sannan in yi shiru.

Ta yi aiki. Mutum biyu ba su ko tsaya sallama ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne ɗana na tsakiya, mai shekara bakwai, yana bayan ƙofa. Ya kai labarin Islamiyya. Kafin mako ya zagayo, gafiyar ta zama mace mai ƙafar jaki, tana saukowa ta rijiya. Yaran maƙwabta suka daina shigowa tsinkar gwaiba. Mai kawo mana nono ta koma tsayawa daga waje. Surukata ta aiko da rubutu cikin galan da ƙullin hayaƙi, da saƙon cewa dama ta lura 'yarta tana ramewa. Dare uku ina zaune cikin hayaƙin habbatus sauda ina tari, ina tofa wa gafiya addu'a, don ba zan iya fitowa in ce ni na ƙirƙiro ba.

Ba don ban samu masu gaya mini gaskiya ba. Ina da aboki lauya tun muna sakandare, na same shi a ofis. Ya saurare ni, ya duba rasit ɗin littafin bashi, ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Sayar da gida ba ya kashe haya. Wanda ya saya, da kai ya saya har kuɗinka ya ƙare." Ya ce in babu wata yarjejeniya da ta faɗi wani abu daban, ɗan hayar shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, na wata-wata kuma wata guda. In wa'adi ya cika bai tashi ba, sai a ƙara masa takardar kwana bakwai, sannan a je kotu. Mai gida ba shi da ikon watso kayanka waje, ko yaye kwanon rufi, ko sa wa ƙofa kwaɗo, duk da ana yi. Ya ƙara da wata magana da ya kamata in rubuta a tafin hannu. Ya ce gidan da babu kowa a ciki ya fi saurin sayuwa, don haka su ne suke bukatar in tashi. In suna so da wuri, a zauna, su mayar mini da ragowar kuɗina a hannu, su ɗora na mota da na dillali, a rubuta, shaidu su sa hannu, sannan in miƙa mukulli. "Kada ka fara cewa za ka tashi," in ji shi. "Bari su roƙe ka."

Limamin unguwarmu ma haka ya ce bayan sallar isha'i, da nasa harshen: a mazhabar Malikiyya ciniki ba ya warware ijara, mai haya ya riga ya mallaki amfanin gidan har wa'adinsa. Boko da Muhammadiyya sun haɗu a kan magana ɗaya, abin da ba kullum ake samu ba, kuma maganar ita ce in zauna in yi shiru.

Amma akwai kotu ta uku, wadda ta fi waɗannan biyun cika: bencin mai shayi. A can ne kowa lauya, kowa mufti. Wani ya ce raini ne, mutum kamar ni a riƙa shigar masa ɗaki. Wani ya ce shi da shi ne, da tuni ya nuna wa Alhajin nan cewa talaka ma yana da zuciya. (Wannan mai maganar a gidan gado yake zaune, ɗakin da aka haife shi, bai taɓa biyan haya ba.) Shayi ya hau kaina. Na zaro waya na kira Alhaji, na buɗe sifika don jama'a su shaida.

Na fara da kyau. Na ce shekara shida ban taɓa jinkirta masa kuɗi ba, ya kamata a ce an sanar da ni kafin a turo mutane. Ya ce gaskiya ne, a yi haƙuri, abin ne ya zo da gaggawa. Da na tsaya nan da an wuce wurin. Amma jama'a suna kallo, kuma haƙurin da ya bayar ya zo da wuri, ban gama huce abin da na tanada ba. Na shiga lissafin tayil da sumo da fenti. Ya bari na gama, sannan ya ce cikin sanyin murya, "To Malam, wa ya sa ka? Ai gidana ne."

Benci ya yi tsit. Mai shayi ya tsaya da kofi a sama.

Na ji bakina yana cewa, "To Alhaji, ka riƙe gidanka. Ƙarshen watan nan zan tashi."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Allah ya sa haka ya fi alheri. Na gode ƙwarai, Malam, ka sauƙaƙa mini."

Aka tafa mini. Har wani ya biya mini kuɗin shayi, naira 150, wanda shi ne kaɗai ribar da na ci a wannan ciniki. Washegari da na gaya wa Barista, ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ya ce, "Wato kai ka ba shi notis. A gaban shaidu nawa?" Na ce kamar goma sha biyu. Ya ce ko shi da yake lauya bai taɓa haɗa wa abokin hamayya shaidu masu yawa haka ba.

Na koma rumfa a kan ragowar kuɗina. Wata huɗu na ci, saura takwas, naira dubu 300 cif. Alhaji bai musa ba. Ya ce shi bai kore ni ba, amma ba zai ci haƙƙina ba, sai dai kuɗin sun shige kaya. "Da zarar an sayar da gidan, kai ne farkon wanda zan sallama." Na ga maganar ta yi ma'ana. A lokacin ban tuna da mai ƙafar jaki ba.

Neman gida a Kano da aljihu wayam wani babi ne da ba zan buɗe shi duka ba. Kowane dillali sai ka ba shi na mai kafin ya motsa, ya kai ka kangon da ba ƙofa ya ce "ɗan gyara kaɗan ne." Mai gida ya tambaye ka yara nawa, aikin me, mata nawa, kamar aure ka zo nema. Wani ya ce sai kuɗin shekara biyu. Na zaga Kabuga, Ɗorayi, Gaida, har Kurna. Daga ƙarshe wanda ya samo mini wuri shi ne dogon nan mai waya biyu, ya kuma karɓi la'adarsa kashi goma ba ragi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ciki biyu da falo ne a Ɗorayi, ba rijiya, kuma ya fi wanda na bari tsada. Sai da na sayar da babur na haɗa da rancen ofis. Sharaɗi ɗaya: wanda yake ciki ba zai fita ba sai bayan mako uku. Shi ya san haƙƙinsa.

Na tsayar da ranar kwashe kaya 31 ga Mayu, na yi ciniki da mai a-kori-kura tun mako guda kafin nan. Ranar 29 ga wata sabon shugaban ƙasa, Bola Tinubu, ya faɗa a jawabin rantsuwa cewa tallafin mai ya ƙare. Cikin kwana biyu litar da gwamnati take cewa ba ta kai naira 200 ba ta haura 500. Direban ya zo ya ce cinikin da muka yi na tsohuwar gwamnati ne.

Ranar tashi na ƙudura ba zan bar wa Alhaji ko allura ba. Tayil ba ya ɓamɓaruwa, na gwada guda biyu suka dare, na bari. Gwaiba ba ta shiga mota. Na sa yara biyu su zaro sumo, igiya ta tsinke a hannunsu, muka ji ƙararsa can ƙasa, tsulum. Tanki ya sauko lafiya, amma sabon gidan ba shi da wurin ɗora shi, ba shi ma da ruwan da za a zuba. Sai na huce a kan ƙwayayen fitila. Na hau kujera na kwance su ɗaya bayan ɗaya, guda tara, har na banɗaki, na naɗe a tsohuwar jarida. Uwargida tana kallona ba ta ce komai ba. A hanya buhun shinkafa ya zauna a kansu.

Kaya suka tafi zauren gidan surukai, uwargida da yara suka shige ciki wurin Hajiya, ni kuma na koma shagon wani ƙanen abokina, ɗan shekara ashirin da biyar, mai kallon ƙwallo har ɗayan dare. Mako uku ina kwana a katifar samari, ina zuwa gaida matata da yamma kamar mai zance, in tsaya a waje in aika yaro. Surukina, dattijo mai kunya, bai taɓa tambayata yadda aka yi ba. Kullum in na durƙusa sai ya ce, "Malam, ya haƙuri?" kamar an yi mini rasuwa. Hajiya kuwa murna take, ta ce gara da muka tsira da rayukanmu daga wancan gida.

Mun tare a Ɗorayi damina ta fara kankama. Ruwan da na rasa a famfo na same shi a tsakar ɗaki cikin watan Agusta.

Gidan Rijiyar Zaki kuwa bai sayu ba. A tsakiyar Yunin shekarar aka sakar wa dala mara, naira ta shiga gangara, siminti da rodi suka tashi. Alhaji ya koma sa wa gidansa kuɗi da farashin dala na Wapa: duk wanda ya taya yau, gobe in ya dawo da kuɗi sai ya tarar an ƙara. Waɗanda suka iya jure wannan kuma, da sun tsaya tambaya a bakin layi, sai yara su ba su labarin mai ƙafar jaki, yanzu har da 'ya'yanta. Duk ƙarshen wata ina zuwa rumfa, Alhaji ya sa a kawo mini ruwan sanyi, ya ce, "Wallahi Malam gidan nan ya ƙi tafiya. Wai cewa ake akwai mutanen ɓoye. Kai da ka zauna shekara shida, ka taɓa ganin wani abu?" In ce ko kusa, sharrin mutane ne kawai. Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da wanda ya ƙulla wannan." In ce amin, a hankali.

Da ya gaji da ajiye gida ba kowa, sai ya sake zuba ɗan haya, wani ma'aikacin asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki daga wata jiha, bai san labarin unguwa ba. Dillali ya tallata masa gida mai tayil da itatuwa, aka sa masa kusan ninkin abin da nake biya. Da rani ya sa aka yashe rijiya, ya tsinci sumo, aka gyara masa, yana ta godiya ga Allah.

Tunda kuɗina suna ɗaure da cinikin, sai na shiga dillanci ba la'ada. Na bi bencin mai shayi da masallaci ina ƙaryata aljanu, ina rantsuwa gafiya ce. Ba wanda ya yarda. Suka ce in gafiya ce, me ya fitar da kai da wata takwas a ƙasa?

Watan jiya na samo mai saye da kaina, yayan wani abokin aikina da ya yi ritaya yana neman inda zai sa kuɗin sallamarsa. Na ɗauke shi a adaidaita sahu da kuɗina, ina yabon gidan tun daga Kabuga. Muka yi sallama, yarinya ta leƙo da gwaiba a hannu ta ce maigidan yana zuwa. Ya fito da rigar shan iska. Na ji kaina ina cewa a gaya wa iyali su ɗan kimtsa. Muka shiga, na ƙwanƙwasa bango, na nuna tayil, na buɗe famfo ruwa ya zubo. Sai wayata ta yi ƙara, uwargida ce, wai mai ruwa yana waje yana jiran kuɗin jarka shida. Na juya baya na minti ɗaya.

Da na waiwayo, ɗan hayar ya ja mutumina can gindin zogale. Ya sauke murya, ya ɗaga kai yana kallon silin.